Wa Ya Riƙe Mudun Da Ake Auna Talaucinmu?

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya wuce abinsa, ba zan ji haushi ba.

Kwanakin baya wani abokina, ɗan boko na gaske, ya turo min wani zane mai layi guda da ya sulalo daga sama zuwa ƙasa kamar gangaren dutse. A ƙasa ya rubuta min wai in duba da kyau, talauci ya kusa ƙarewa a duniya, mu ne kawai Allah ya yi mu da son kuka. A ranar kuma, bayan la'asar a majalisarmu, wani dattijo da nake ganin girmansa ya ce duk alƙaluman nan na Bankin Duniya ƙaryar Turawa ce, so suke su ɓata mana suna. Wallahi duk su biyun sun ba ni haushi. Ɗaya ya haɗiye alƙaluma bai tauna ba, ɗaya ya tofar bai ɗanɗana ba, kuma babu wanda ya tambayi abin da kowace uwargida ke tambaya kafin ta biya kuɗin awo: da wane mudu aka auna?

Bari mu fara da mudun. A 1990 ne Bankin Duniya ya fito da zancen dala ɗaya a rana. Wanda abin da yake ci da sha da sauran buƙatunsa na yini bai kai dala ɗaya ba, shi ne ke cikin matsanancin talauci. A 2008 aka mayar da shi dala 1.25, a 2015 ya koma 1.90, a 2022 ya zama 2.15, sai a watan Yunin 2025 aka ce dala 3. Ba daga sama aka sauko da lambar ba. Ma'aunin talauci na ƙasashen da suka fi kowa talauci ake tattarawa a ɗauki na tsaka-tsakinsu. Lokacin da aka yi na 1.25, ƙasashe 15 aka duba, cikinsu har da Nijar da Chadi da Mali da Gana da Habasha da Malawi. Ma'ana dai, an je gidan da ya fi kowane gida rashi a unguwa, an duba abin da su kansu suke kira babu, sai aka ce to wannan shi ne ma'aunin duniya baki ɗaya. Wanda ya tsallake wannan layin ba mai wadata ba ne. Mutum ne da bai mutu ba tukuna.

Sannan dalar da ake magana ba dalar Wapa ba ce. Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, har da manya masu magana da yawun gwamnati. Sai ka ji mutum ya ɗauki dala 3 ya buga da canjin kasuwa, ya samu sama da naira dubu huɗu, ya ce ai in haka ne kowa ma talaka ne, saboda haka lissafin banza ne. A'a malam. Dalar lissafi ce, wadda aka daidaita da ƙarfin sayayya, wato abin da dala 3 za ta iya saya a Amurka da farashin 2021, sai a nemi nairar da za ta sayi kwatankwacinsa a nan. In ka mayar da ita haka, kuɗin ya yi ƙasa sosai da abin da ɗan canji zai ba ka. Ka tsaya ka yi tunanin mutumin da zai rayu a Amurka da dala 3 a rana, abinci, haya, magani, sabulu, komai da komai. To irin wannan rayuwar ake nufi. Shi ya sa Philip Alston, wanda ya riƙe muƙamin mai bincike na musamman na Majalisar Ɗinkin Duniya kan matsanancin talauci, ya caccaki wannan ma'aunin a rahotonsa na 2020, yana ganin an ajiye shi ƙasa ƙwarai har ana bugun ƙirji da nasarar da ba ta kai yadda ake faɗa ba.

Ga wani abin da zai ba ku dariya ko takaici. Da aka sauya ma'aunin a watan Yunin 2025, adadin masu matsanancin talauci na shekarar 2022 ya tashi daga miliyan 713 zuwa miliyan 838. Mutum miliyan 125 sun shiga sahun matalauta a dare ɗaya, alhali babu wanda tukunyarsa ta canza. Yadda suka kwana jiya haka suka tashi. Mudun kawai aka sake.

To amma fa kada dattijon majalisarmu ya yi saurin murna. Gaskiyar da ba ya so ya ji ita ce, raguwar nan ta faru da gaske. A 1990 mutum wajen biliyan 2 ne ke ƙasa da layin, fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya. Yau, duk da cewa yawan jama'a ya haura biliyan 8, kusan mutum ɗaya ne cikin goma. Ko ka ce ba ka yarda da lissafin dala ba, akwai lissafin da ba ya buƙatar canji: yara 'yan ƙasa da shekara biyar da ke mutuwa duk shekara sun ragu daga sama da miliyan 12 a 1990 zuwa ƙasa da miliyan 5. Kabari ba ya ƙarya. Wanda ya ce babu abin da ya canza a duniya, son zuciya ne ke magana ba ilimi ba.

Tambayar ita ce, a ina ya ragu? Nan zanen abokina ya yi shiru. Ƙasar Sin kaɗai ta fitar da mutum kusan miliyan 800 daga matsanancin talauci cikin shekara arba'in, kusan kashi uku cikin huɗu na duk raguwar da aka samu a duniya a wannan tsakanin. Sai Indiya, Indunusiya, Biyetnam, Bangaladash. Ka cire Asiya daga zanen nan ka ga yadda gangaren zai koma fili. A Afirka kudu da Sahara, da ma'aunin dala 1.90, kason matalauta ya sauko daga kashi 54 cikin ɗari a 1990 zuwa kashi 41 a 2015. Madalla. Amma a daidai wannan lokacin yawan mutanen ya tashi daga miliyan 278 zuwa miliyan 413. Kaso ya sauka, kawuna sun ƙaru. Mai son yabon kansa sai ya ɗauki kason ya hau mumbari, mai adawa ya ɗauki kawunan, kowa yana rantsuwa da takarda ɗaya. Yanzu haka kusan biyu cikin uku na masu matsanancin talaucin duniya a yankinmu suke, mu da ba mu kai kashi ɗaya cikin biyar na mutanen duniya ba. Burin da aka ɗauka na kawar da shi kafin 2030, Bankin Duniya da kansa ya ce ba za a cim masa ba. Don haka in an turo maka zanen nan an ce ka yi murna, ka tuna abin da kare ya faɗa da aka ce ana biki a gidansu.

Yanzu mu zo kan yadda ake awon kansa, don nan ne gizo ke saƙa. Babu wanda ke bin mutum biliyan takwas ɗaya bayan ɗaya. Gidaje ake zaɓa, wasu dubbai a ƙasa guda, a aika ma'aikata da takarda ko ƙaramar kwamfuta su zauna da maigida ko uwargida su tambaya: me kuka ci, me kuka saya, nawa kuka kashe? Daga nan a ƙiyasta na sauran ƙasa. Hanya ce ta ilimi, ban raina ta ba. Amma ko yadda aka yi tambayar yana juya sakamako. A Indiya an gwada wannan a binciken 2011 zuwa 2012. Da aka tambayi mutane abin da suka kashe cikin kwana 30, matsanancin talauci ya fito kusan kashi 21. Da aka rage kwanakin tambayar abinci zuwa bakwai, inda mutum ya fi tunawa, sai ya fito kusan kashi 12. Ƙasa ɗaya, shekara ɗaya. Mutum wajen miliyan ɗari sun "fita daga talauci" saboda an gyara tambaya.

Mu da muka taso a karkara mun san wasu abubuwan da takarda ba ta kamawa. Gidan da ka ziyarta da kaka, rumbu cike, ba shi ne gidan da za ka tarar a tsakiyar damina ba, lokacin da hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, ana tafasa da rama. Sannan lissafin yana raba abin da gida ya ci daidai wa daida tsakanin mutanen gidan, kamar dai tsokar da maigida ya ci ita ce almajirin zaure ya ci. Ga kuma halinmu na rufin asiri. Bahaushe zai kwana da yunwa, baƙo ya zo da takarda ya tambaye shi, ya ce alhamdu lillahi. Wani kuma in ya ji ƙamshin tallafi, sai ya ɓoye akuyoyinsa a gidan maƙwabci. Uwa uba, inda talaucin ya fi tsanani nan ne ma'aikacin ƙididdiga ba ya iya zuwa. Wa zai ɗauki takarda ya shiga dajin da 'yan bindiga ke karɓar haraji?

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da gwamnatin da ta ga sakamako ta ɓoye. Indiya dai ta yi binciken 2017 zuwa 2018, bayanai suka fita ta bayan fage cewa abin da mutanen karkara ke kashewa ya ragu, sai gwamnati ta ce binciken yana da matsala, ta ƙi fitar da shi. Ƙasar da ta fi kowace tasiri a lissafin talaucin duniya ta shafe shekara goma babu sabon awo a hukumance, masana suna ta cike giɓi da hasashe. A Tanzaniya, zamanin Magufuli, har doka aka gyara a 2018 ta yadda ƙaryata alƙaluman gwamnati a bainar jama'a zai iya kai mutum kotu, kafin a janye a shekarar da ta biyo baya. In lissafi ba shi da amfani kamar yadda dattijonmu ke cewa, me ya sa masu mulki ke tsoronsa haka?

Mu dawo gida, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A 2018 wasu masana a cibiyar Brookings suka ƙiyasta cewa Najeriya ta zarce Indiya a yawan masu matsanancin talauci, mu miliyan 87, su miliyan 73. Aka yi ta kumfar baki. Abin da ba a faɗa da ƙarfi ba shi ne, hasashe suka yi, domin mu kanmu rabonmu da cikakken binciken gidaje tun 2009 zuwa 2010. Kusan shekara goma muna tuƙi babu fitila, wani ya leƙo ya ce ga rami, sai muka hau zaginsa. Da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi nata na 2018 zuwa 2019, me ta samu? Kashi 40.1 cikin ɗari, mutum miliyan 82.9. Kuma ban da Borno, saboda rashin tsaro bai bari an auna ta yadda ya kamata ba. Sakkwato ta haura kashi 87, Legas kashi 4.5. Ƙasa ɗaya fa, tuta ɗaya. Wannan ba Bature ya faɗa ba, hukumarmu ce, da ma'aikatanmu.

Ma'aunin da ta yi amfani da shi naira 137,430 ne ga mutum ɗaya a shekara, wato naira 376 a rana. Ku riƙe wannan lambar. Yanzu ku ɗauki mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024, naira dubu 70. Ku ba masinjan ofis mai mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, su shida ke nan. Ku raba. Kowa ya tashi da naira 389 a rana. Wato ma'aikacin gwamnati, mai takardar ɗaukar aiki, mai zuwa ofis kullum da guga a rigarsa, da naira 13 kacal ya tsallake ma'aunin talaucin 2019. Na 2019 fa, kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kafin naira ta faɗi, lokacin da litar mai ba ta kai naira 200 ba. Kowa ya tuna nawa ya sayi kwanon masara a lokacin. Ita wannan hukumar ce kuma ta lissafa cewa a 2024 kuɗin abinci mai gina jiki na babban mutum ɗaya a rana ya haura naira dubu. Ban yi maganar haya ba, ban yi maganar kuɗin makaranta ba, ban yi maganar ranar da zazzaɓi zai shigo gidan ba.

A watan Nuwamban 2022 hukumar ta fito da wani awon daban, wanda ba ya tambayar kuɗi kawai. Yana duba abinci mai gina jiki, nisan asibiti, yaran da ba sa zuwa makaranta, ruwan sha, makewayi, abin da ake girki da shi, aikin yi, tsaro. Sakamako: mutum miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari, kuma miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Sai na ga mutane suna ta haɗa 133 da 83 suna cewa talauci ya ƙaru da miliyan 50 cikin shekara uku, wasu kuma suna cewa ga shi nan hukumar tana tufka da warwara. Duk kuskure ne. Mudu biyu ne daban, ɗaya na aljihu, ɗaya na rayuwa. Kana iya samun ɗan kasuwa a ƙauye da kuɗi a lalita, amma matarsa ta rasu wajen haihuwa saboda asibiti mafi kusa tafiyar awa uku ce. A mudun farko ba talaka ba ne. Ku je ku gaya masa haka a wajen zaman makoki.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda shugabanninmu ke zaɓen mudu kamar yadda ake zaɓen hula. A 2014 aka sake lissafin girman tattalin arziki, muka wayi gari mun zarce Afirka ta Kudu, aka yi ta shewa, babu wanda ya ce lissafin Turawa ne. Ranar 12 ga Yunin 2019 Shugaba Buhari ya yi alƙawarin fitar da mutum miliyan 100 daga talauci cikin shekara goma. Bayan shekara biyu aka ce an fitar da miliyan 10.5. Da wane awo? A wane bincike? Su waye, a wace unguwa? Rashin aikin yi ya tsaya a kashi 33.3 a ƙarshen 2020, aka sauya hanyar lissafi zuwa wadda ke ɗaukar wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako a matsayin mai aiki, sai ga shi kashi 4.1 a farkon 2023. Hauhawar farashi tana kashi 34.8 a Disambar 2024, aka sabunta shekarar da ake kwatantawa da ita, a Janairu ta koma 24.48. Ba ina cewa ma'aikatan hukumar sun yi maguɗi ba, sauye-sauyen nan suna da hujja a ilimin ƙididdiga, kuma sun bayyana abin da suka yi. Laifin na wanda ya san mudu aka canza, amma ya fito gidan talabijin yana cewa hatsi ne ya ƙaru. Sai ga shi a watan Oktoban 2025 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 139 na cikin talauci, nan take fadar shugaban ƙasa ta yi watsi da shi. Bankin da ake kafa hujja da shi in ya yabi gyare-gyaren tattalin arziki, shi ne ranar ya zama bai san ƙasa ba. Tun muna makarantar allo aka koya mana hukuncin mai cika mudu in zai karɓa, ya tauye in zai bayar.

Kuma in gaskiya za a bi, dala 3 ma ba mudunmu ba ne. A rabon Bankin Duniya, Najeriya tana cikin ƙasashe masu matsakaicin samu na ƙasa-ƙasa, kuma ma'aunin wannan ajin dala 4.20 ne. In ana taron masu zuba jari mu ne giwar Afirka, in an zo awon talauci sai mu lallaɓa mu ari mudun Malawi.

Ni ma'aikaci ne, shekara kusan ashirin ina cikin fayil, don haka ba zan wanke kaina ba. Na taɓa zama a wani ofis inda aka ce mu kawo adadin waɗanda suka amfana da wani shiri kafin a tashi aiki. Babu wanda ya je ƙauye ko ɗaya, babu ma man da za a zuba a mota. Aka ɗauko na bara aka ɗan ƙara masa, don kada a ce ba a ci gaba ba. Na ga lambar nan daga baya a cikin jawabi, an karanta ta ana tafi, ni kuma ina zaune a baya na sunkuyar da kai. Tun ranar, in na ji an ce "an fitar da mutum kaza daga talauci", abin da nake fara tambaya shi ne wa ya je ya gani.

Kada wani ya ce wannan gardamar 'yan boko ce. Da waɗannan lambobin ake tsara rajistar masu karɓar tallafi, da su ake yanke inda za a kai abincin tamowa, da su masu ba da agaji ke zaɓen jihar da za su shiga. Ƙauyen da ba a ƙirga ba, ba ya cikin kasafi. Duk lokacin da wani babba daga Arewa ya tashi ya ce alƙaluman talauci sharri ne ake mana, ni gani nake yana yage takardar shaidar da ya kamata ya riƙe ya je ya yi mana faɗa da ita. Miliyan 86 ba zagi ba ne, bashi ne, kuma gwamnonin da suka karɓi ƙarin kaso daga asusun tarayya bayan cire tallafin mai su ne farkon waɗanda ake bi.

Abin da nake nema ba shi da yawa. A ware wa Hukumar Ƙididdiga kuɗinta a kasafi, ta daina jiran masu ba da lamuni kafin ta fita aiki. A yi binciken gidaje a kan kari, duk shekara biyu ko uku, a fitar da shi ko ya yi daɗi ko bai yi ba, jiha jiha, har ƙaramar hukuma. In an canza hanyar lissafi, a buga tsohuwar da sabuwar gefe da gefe na wasu shekaru, kowa ya gani da idonsa. Duk ɗan siyasar da ya ce ya rage talauci, 'yan jarida su tambaye shi sunan binciken da shekararsa kafin su ɗauki maganar. Sannan a yi ƙidaya. Rabonmu da ita tun 2006, an sa ranar ta 2023 aka ɗage, har yau shiru. Duk "kashi kaza cikin ɗari" da muke ta musu a kai, ɗarin ma kanta ƙiyasi ce. Yaron da aka haifa a shekarar da aka yi ƙidayar ƙarshe yanzu ya isa jefa ƙuri'a, wasu ma sun yi aure sun haihu, kuma daga shi har ɗan nasa babu wanda aka taɓa ƙirgawa.